Wuyan Kwalba a Kan Kyandir

Kwana biyu ke nan da Kaka Firmino ya tsayar da ita,
kwalbar da ta shekara hamsin a kwance
a ɗakin ƙasa, inda ganguna ke gumi.
"Wanda ya daɗe yana barci," in ji shi,
"ba a tashinsa a ce ya yi magana nan take.
Bari guggubin ya sauka tukuna."

A waje kogin Douro na tafiyarsa,
kurangar inabi ta hau tudu mataki-mataki,
an gama tsinka, ganye ya soma ja.

Da hannunsa ya kamata a yi aikin,
amma hannun yanzu rawa yake,
ko cokalin miya sai ya bar rabi a hanya.
Ya miƙo mini ƙarfen buɗewa bai dube ni ba:
"Graciete, a hankali. Matoshin nan ya girme ki."

Na murɗa. Ya rabe biyu.
Rabi ya biyo ƙarfe,
rabi ya marmashe ciki kamar ɓarɓashin burodi.
Kunnuwana suka ɗau zafi.
Shi kuwa dariya, har da tari:
"Ta farko da na buɗe wa maigidana,
a kan farar rigarsa ta ƙare."

Ya aike ni ɗauko ƙyallen marigayiya Deolinda,
fari, shara-shara, wanda take tace madarar cuku.
Ba a taɓa sa masa sabulu ba,
don sabulu surutu ne da shi,
sai ya bar maganarsa a cikin giya.
Na ninka biyu, na shimfiɗa a bakin mazurari,
mazurari a bakin tulun gilashi mai faɗin gindi.

Sannan kyandir.
Ba don duhu ba, akwai lantarki a gidan.
A ƙarƙashin wuyan kwalba ake ajiye shi,
ido ya ga abin da ke wucewa.
Na karkata. Na tsiyaya.
Siriri, ba tsayawa, ba ɗagowa,
in ka ɗaga ta koma baya, ta dama abin da ya kwanta.
Ja ne da ya gaji da zama ja,
ya karkata zuwa launin busasshen ɓaure.
Kafaɗata ta ƙage. Ban ko haɗiye yawu ba.

"Tsaya!"
Ya riga ni gani, da idon da ba ya karanta jarida:
wani baƙin zare ya taso daga gindi
yana rarrafe zuwa haske.
Na tsayar. Saura yatsa biyu a kwalba.
"Wannan na tukunyar nama ne. Ba a zubarwa."

Sabuwar giya, ya ce, kamar ɗan maraƙi take:
zubo ta daga sama, ta bugi gilashi, ta yi kumfa,
bar ta rabin yini ta sha iska, ta huce.
Tsohuwa kuwa kaɗan take so.
Ta buɗe baki, ta faɗi duk abin da ta adana,
in babu kowa a wurin, shi ke nan, ta yi shiru.

A shekarar da aka haifi mahaifiyata aka rufe ta.
Mahaifiyata tana hanya daga Faransa,
ta ce ƙarfe bakwai.
Bakwai ta wuce. Da rabi.
Ƙamshin goro da ɓawon lemo ya cika ɗaki,
Kaka ya kai hanci bakin tulu, ya lumshe ido,
bai zuba ba.
Ya dubi agogo, ya dubi taga,
ya sa tafin hannunsa mai rawa ya rufe bakin tulun.

Can ƙasa, a kwana ta uku,
fitilar mota ta ɓulla, ta ɓace, ta sake ɓulla.
"Goge kofi uku," ya ce.
"Kuma kashe kyandir ɗin nan, yana cin kuɗi."